Hoton Malam a Tashar Jirgi

A wani gari na ƙasar Gobir, ba nisa da Maraɗi, akwai wani dattijon ikilisiya wanda yara suke kira Baban Reluwe. Baƙo yakan yi mamakin wannan suna, gama jirgin ƙasa bai taɓa ratsa wannan yanki ba. Amma dattijon bai sami sunan a banza ba. A shekara ta 1955, yana ɗan shekara 12, aka kai shi Zariya wurin kawunsa, wanda yake aiki a loko, watau inda ake ajiye kawunan jirgi ana duba lafiyarsu. A 1963 shi ma aka ɗauke shi aiki. Da tsumma ya fara, yana goge inji, daga baya ya zama mai zuba kwal a wuta. Ya bi hanyar Kano da ta Ƙaura Namoda da ta Kaduna har bai san iyaka ba, ya kuma ga lokacin da jirage masu hayaƙi suka ƙare, masu shan man dizal suka gaje su. A 1983, sa'ad da gwamnatin Nijeriya ta ba da umarni baƙi marasa takardu su fita, ya ga zaman ba daɗi, sai ya tattara iyalinsa ya komo gida.

Bai komo da dukiya ba. Abin da ya fi ji da shi cikin kayansa shi ne wani akwatin ƙarfe cike da hotunan jirage. Waɗansu saya ya yi, waɗansu abokan aiki suka ba shi, waɗansu kuwa ya yanko su daga kalanda da jaridu. Da yamma, in ya taso daga gona, yakan shimfiɗa tabarma ya baje su, ya ɗauki gilashinsa mai ƙara girman abu, yana dubansu ɗaya ɗaya kamar mai karanta wasiƙa. Sannu a hankali labari ya bazu, har mutane suka riƙa kawo masa tsofaffin hotunan da suka tarar cikin kayan iyayensu, suna tambaya, “Baba, ina ne nan? Wace shekara ce?”

Yana da hanyar da yake bi, ba ya kuwa sauya ta. Da fari ba ya duban fuskar kowa. Yakan ce fuska takan ruɗi mai duba, domin kowa yana ganin wanda ransa yake so ya gani. Ƙasa yake fara dubawa, wurin ƙarfen dogo, gama hanyoyin jirgi ba faɗinsu ɗaya ba ne. Tsohuwar hanyar Nijeriya, wadda ta iso Kano a 1911, tsakanin ƙarfe da ƙarfe ƙafa 3 ne da inci 6, watau wajen santimita 107. Haka ta Gana take. Wadda Faransawa suka shimfiɗa daga Kwatano, ta kai Paraku a 1936, mita 1 ce cif, haka kuma ta Kamaru wadda ta kai Ngaundere a 1974. Tsakanin 107 da 100 ido ba ya iya rabewa cikin hoto, shi da kansa yakan faɗi haka. Saboda haka sai ya matsa gaba.

Bayan dogo sai ƙafafun inji. Akwai waɗansu kawunan jirgi da aka fara kawowa Nijeriya daga Birtaniya a 1948, aka raɗa wa kowannensu sunan wani kogi. In an dube su daga gefe za a ga ƙaramar ƙafa 1 a gaba, manya 4 a tsakiya, ƙarama 1 a baya. In ya ga wannan ƙira, ga kuma sunan kogi a jikin injin, to, ba a ɗauki hoton kafin 1948 ba, ko da wa ya rantse. Kan jirgi mai dizal kuwa bai fara jan kaya a babbar hanya ba sai 1955.

Sa'an nan sai rubutun da ke jikin tarago. Wata rana wata gwauruwa ta kawo hoton mijinta, wanda a dā yake tuƙa babbar mota yana ɗauko kaya daga tashar Paraku zuwa Maraɗi. Ta ce a 1970 aka ɗauka, shekarar aurensu. Dattijon ya nuna mata haruffa huɗu a jikin tarago, O.C.B.N. Ya ce hukumar jirgin da Nijar ta haɗa da maƙwabciyarta a 1959, da harafin D aka fara rubuta sunanta, domin ƙasar a lokacin Dahome ce. Sai a ƙarshen 1975 ta zama Benin, harafin B ya shiga. Matar ta yi dariya ta ce, “Ashe shi ya sa na ga ya yi ƙiba. A shekarar aurenmu kamar sanda yake.”

A ƙarshe yakan dubi abin da ke bayan jirgin: duwatsu, da itatuwa, da gini, da tufafin mutane. In ya gama, yana da magana ɗaya da ba ya fasa faɗi: “Abin da hoto ya faɗa na faɗa. Abin da ya yi shiru a kai, ni ma na yi shiru.”

Shekaru da yawa wannan al'amari abin hira ne kawai, ba wanda ya taɓa ɓata rai a kansa. Sai shekara ta 2023 ta zo, ikilisiyar garin ta cika shekara 70 da kafuwa. Aka naɗa kwamiti, aka shirya za a buga ɗan littafin tarihi, a sa hoton mai bisharar da ya fara aikin a bangon gaba. Kowa a garin Malam yake ce masa. Ya rasu a 1994, amma har yanzu tsofaffi in sun ambace shi sukan sassauta murya. Labarinsa kuwa ko 'yan makarantar Lahadi sun haddace: tun yana saurayi ya ji bishara, ya bar kome ya tafi Kano ya hau jirgi zuwa makarantar Littafi Mai Tsarki, bayan shekaru ya komo ya soma wa'azi a ƙarƙashin wata tsamiya.

Hoton ƙuruciyarsa guda ɗaya ne tak a duniya, yana rataye a ɗakin babbar 'yarsa, tsohuwa mai shekara 71, shugabar zumuntar mata ta dā. A bayansa an rubuta: “Kano, 1938. Malam zai tafi makarantar Littafi Mai Tsarki.” Ɗanta, mushen lakkwal, shi ne magatakardan kwamiti. Ya ciro hoton daga cikin gilashi ya kai wa Baban Reluwe, ba don yana shakkar kome ba, sai don a gaya masa irin injin, ya ƙara a ƙarƙashin hoton don ado.

Ga abin da ke cikin hoton. Samari biyu suna tsaye a gaban wani kan jirgi. Ɗaya ya fito duka, ya yafa bargo a kafaɗa, shi ne Malam. Ɗayan bakin hoto ya yanke rabin jikinsa, yana riƙe da wani abu mai kusurwa huɗu a ƙirji. A gaban Malam, tsakanin ƙarafan dogo, an ajiye kwanon sarki da ƙunshin kaya a ciki. Can gefen dama ana hangen gindin wani babban tarago a kan wata hanya dabam. A baya kuwa ga tudu na manyan duwatsu, kusa ƙwarai.

Dattijon ya daɗe yana dubawa, har mushen ya fara gajiya da zama. Can ya ɗaga kai ya ce, “Mushe, wa ya ce maka Kano ne nan?”

“Ga shi a rubuce a baya, Baba.”

Ya juya hoton ya duba. “Da biro aka rubuta. A 1938 babu biro a ƙasar nan. Wanda ya yi rubutun nan daga baya ya yi shi, abin da ya ji ya rubuta.”

Ya sa tsinke a kan kwanon sarkin ya ce, “A loko da irin wannan muke kwashe toka. Na sha ajiye shi tsakanin dogo. A babbar hanya guda biyu suna shiga gefe da gefe. Dubi nan, ɗaya ya ci fiye da rabin wurin. Dubi injin kuma, hular kakanka ta kusa kai tsayin tukunyarsa. Wannan ƙaramin jirgi ne, ɗana. Ƙaramin jirgi kuwa bai taɓa zuwa Kano ba.”

Ya ba shi labarin wannan hanya, gama ya gan ta da idonsa yana yaro a Zariya. Faɗinta ƙafa 2 ne da inci 6, watau santimita 76. Turawan Ingila suka shimfiɗa ta daga Zariya don kwaso kuza daga tudun Jos, ta bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama da Jengre, ta hau dutse ta kai Jos da Bukuru, aka gama ta a 1914. Tsawonta wajen kilomita 230 ne. Da sunan Bauci ake kiranta, domin a lokacin ƙasar Jos tana cikin lardin Bauci, amma ba ta taɓa shiga garin Bauci ba. Jirgin ba ya sauri, yini guda yakan ci a hanya. A 1957 aka rufe ta, aka ɗebe ƙarafan, daga baya aka ajiye waɗansu kawunanta kusa da gidan tarihi na Jos.

Mushen ya ce, “To, ba wata ƙaramar hanya sai ita?”

Dattijon ya ji daɗin tambayar. Ya ce akwai biyu. Ɗaya a Zungeru, amma an ɗauke ta tun ba a haifi Malam ba. Ɗaya a cikin garin Ikko, Ikko kuwa ba ta da dutse ko na jifa. Sa'an nan ya nuna gindin babban taragon nan na gefen dama. Ya ce ƙaramar hanya da babba wuri biyu kaɗai suke zama kusa da juna, Zariya da Jos. A Jos ɗin ma sai daga 1927, shekarar da babbar hanya ta iso daga Kafancan. “Tashar Zariya kuwa na san ta kamar tafin hannuna. Dutsen Kufena yana can nesa, ba dutsen da ya leƙo tasha haka. Nan Jos ne, tsakanin 1927 da 1957.”

Akwai haruffa biyu a jikin taragon, N.R. Mushen ya tuna cewa a 1955 aka mai da reluwe hukuma mai zaman kanta, aka ƙara harafin C, sai ya ce ashe kafin 1955 ke nan. Dattijon ya girgiza kai. Ya ce in da C yana nan, da an tabbata bayan 1955 ne. Amma rashinsa bai tabbatar da kome ba, domin tarago yakan yi shekaru yana yawo kafin mai fenti ya kai gare shi.

“Kwanon sarkin fa, Baba?”

“Kayan lebura ne. A Jos kuwa, a zamanin nan, yawancin leburori 'yan kuza ne. Iyakar abin da zan ce ke nan.”

Wanda bai san zamanin ba zai ce mene ne abin damuwa a nan. Amma a kunnen tsofaffin ƙasar Gobir da Katsina, barikin kuza ba wurin da ɗan mutunci yake alfahari da shi ba ne. Sunan da ya yi shi ne na giya da caca da mata masu zaman kansu, wurin da saurayi yakan tafi ya manta da gida. Kashegari da sassafe sai ga 'yar Malam da kanta a ƙofar gidan dattijon. Ba ta karɓi tabarma ba.

Ta ce, “Dattijo, shekara 29 ubana yana kwance, yau kai ne za ka tashe shi ka mai da shi ɗan bariki? Wa ya karɓe ka sa'ad da ka dawo daga Ingilishi hannu wofi?”

Maganar ta soke shi, gama gaskiya ce. A 1983 Malam ne ya yanka masa gona daga cikin tasa, ya ba shi irin hatsi, matar Malam kuma ta ciyar da 'ya'yansa har kaka ta yi. Ya sunkuyar da kai ya ce, “'Yar Malam, ban ce kome a kan halin mahaifinki ba. Na ce jirgin nan ba na Kano ba ne.” Ta juya ta tafi ba sallama.

A kwamiti ma aka rabu. Wani ya ce a buga yadda yake a rubuce, wa zai zauna a Maraɗi yana awon dogo da kwanon sarki? Wani ya ce a yanke hoton a bar fuskar Malam kaɗai, jirgin ya tafi abinsa. Wani kuwa ya ce labarin da ya gina bangaskiyar yara shekara da shekaru bai kamata a taɓa shi ba saboda santimita 30. Baban Reluwe ya yi kwana uku barci ba ya zuwa masa sosai. Ya yi tunanin ya koma ya ce idonsa ne ya tsufa, kowa kuwa zai karɓa da murna. Amma ya san idonsa bai ruɗe shi ba. Da kwamiti ya sake zama ya ce musu, “In kun buga Kano, ba zan tashi cikin sujada in ƙaryata ku ba. Amma in wani ya tambaye ni, ba zan ce i ba. Doka ta tara ba ta ware shaidar da aka yi don a kyautata wa mutum ba.”

Fasto, wanda yake saurayi ne ba haifaffen garin ba, ya yi tambayar da ba wanda ya yi tunaninta: ko akwai wani mai rai da ya san Malam kafin ya zama Malam? Aka yi shiru. Sa'an nan mushen ya ce akwai Gwaggo, ƙanwar Malam, tana ƙauyensu na asali, shekararta ta kai 91. Ita Musulma ce, ba ta bi wanta cikin bangaskiyarsa ba. Ana kai mata goro da sabulu da salla, ita ma takan aiko da kaji da Kirsimeti, amma ba wanda ya taɓa zama ya tambaye ta tarihin ikilisiya, domin an ɗauka ba abin da ya shafe ta.

Ran Asabar fasto da mushen da dattijon suka tafi. Da aka sa mata hoton a hannu ta kawo shi kusa da ido, ta daɗe, sai ta ce, “Wannan ai hoton da Inna ta kife ne.”

Ga abin da ta faɗa musu. A cikin shekarun babban yaƙi, tana yarinya ba ta isa ɗaukar tulu babba ba, dogaran sarki suka zo rubuta samarin da za a kai aikin tilas na Faransawa. Sunan wanta ya fito. Da dare ya sulale ya ƙetare iyaka, ya shiga ƙasar Ingilishi. Da gari ya waye aka ce gidan sai ya ba da mutum, sai aka kama ƙanensa, yaron da ko gemu bai fara ba. Bayan watanni yaron ya dawo da tari, bai ga kaka ta gaba ba. Uwarsu ta hana a ambaci sunan wanda ya gudu. Ana nan sai wani ɗan cin rani ya kawo wannan hoto, ya ce daga wurin haƙar kuza aka aiko shi, don uwar ta san ɗanta yana da rai. Ta duba sau ɗaya, ta kife shi a ƙarƙashin lefe.

Abin da tsohuwar ta faɗa ya yi daidai da abin da tarihi ya sani. A ƙasashen da Faransa take mulki ana kama mutane aikin hanya da gini da ɗaukar kaya, samari da yawa kuwa sun riƙa tserewa kudu saboda wannan da kuma haraji. A can ma ba hutu suka tarar ba. A 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda ake samun kuza mai yawa, sai aka matsa wa ma'adinan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 gwamnatin Ingila ta tilasta wa dubban talakawan Arewa zuwa haƙar kuza, sanyin dutse da cuta da ƙarancin abinci suka kashe da yawa. Bargon da ke kafaɗar Malam ba na ado ba ne. A wajen Faransa kuwa sai ran 11 ga Afrilu 1946 aka yi dokar da ta soke aikin tilas.

Gwaggo ta ce shekara guda bayan an daina kamun mutane wanta ya dawo, lokacin Maraɗi ta riga ta hau tudu bayan ambaliyar da ta ci tsohon gari. Ambaliyar a 1945 aka yi ta, dawowarsa ke nan ta faɗa a 1947. Ya zo da littafi a cikin jaka, ya iya karatun boko, ya kuma ce shi mai bin Almasihu ne. Bai shiga gida ba sai da ya sa aka nuna masa kabarin ƙanensa. Daga can ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakin uwarsa, ya ce shi ne ya jawo, ba wani ba. Ba ta amsa ba. Damina biyu yana nome mata gona tana kau da kai, a ta uku ta kira shi da sunansa ta miƙa masa fura. Makarantar Littafi Mai Tsarki kuwa bayan wannan duka ya tafi.

Mushen ya tambaye ta, “Gwaggo, don me ba ki taɓa faɗa mana ba?”

Ta ce, “Wa ya tambaye ni? Shi kuwa bai ɓoye ba. Ku ne ba ku son ji. In ya fara, sai ku ce Malam tawali'u gare shi.”

A hanyar komowa ba wanda ya yi magana har suka kusa gari. Sai dattijon ya ce, “Hoto ya ba da wuri, Gwaggo ta ba da lokaci. Yanzu shaidu biyu ne.”

Mai karatu zai zaci maganar ta ƙare nan, amma akwai sauran gwaji guda. Da kwamiti ya ji labarin, waɗanda jiya suke so a rufe, yau su ne suka fi kowa zafi. Suka ce lalle saurayin nan da hoto ya yanke shi ne ya kawo Malam ga Ubangiji, abin da yake riƙe da shi kuwa Littafi Mai Tsarki ne. Ba abin da zai hana haka ta kasance, gama an buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa tun 1932, akwai kuma masu bi cikin mutanen dutse da suke aiki a ma'adinai. Har wani ya tsara abin da za a rubuta: “Malam tare da wanda ya nuna masa hanyar rai.” Suka kawo wa Baban Reluwe hoton ya tabbatar.

Ya sake ɗaukar gilashinsa, ya duba ta kowace fuska. Shi ma ransa yana so abin ya zama haka. Ya ce, “Yana yiwuwa littafi ne. Yana yiwuwa takardar haraji ce a ninke, ko katin aiki. Jiya kun so in ce Kano, yau kuna so in ce Littafi. Jiya ban gani ba, yau ma ban gani ba.”

Aka buga ɗan littafin da hoton dukansa, ba a yanke kome ba. A ƙarƙashinsa aka rubuta: “Malam a tashar Jos, gaban ƙaramin jirgin Zariya, a shekarun da ya yi yana aikin kuza, kafin ya komo gida a 1947. Ba a san wanda yake tsaye kusa da shi ba.” A ciki aka ba da labarin kamar yadda Gwaggo ta faɗa, da yardarta. Ranar bikin fasto ya tuna wa jama'a cewa Littafi Mai Tsarki bai ɓoye gudun Yakubu daga gaban ɗan'uwansa ba, bai ɓoye gudun Musa ba, bai kuma ɓoye musun Bitrus ba. Ya ce da an share waɗannan, da mai zunubi bai sami wurin da zai ga kansa a ciki ba. Bayan sujada wani magidanci, wanda ya yi shekara 9 a Libiya bai aiko wa gida ko dala ba, ya tsaya a bakin ƙofa yana ta duban bangon littafin. Ya ce wa mushen shi dā yana tsammani irin su Malam tun daga ciki aka haife su da tsarki.

'Yar Malam ta zo bikin, ta zauna a wurinta, ba ta ce kome ba. Watanni tana gaida dattijon a taƙaice. Abin da ya yi mata zafi ba a warke shi rana ɗaya ba, ba kuwa wanda ya isa ya ga laifinta, gama shekara 70 tana riƙe da uba iri ɗaya, aka ba ta wani. Amma ta gaya wa ɗanta abu guda: yanzu ta gane dalilin da ya sa mahaifinta ya raɗa wa ɗansa na fari sunan da ba na kakansu ba, ba kuma na cikin Littafi ba, yana kuma kiransa da wata irin murya. Sunan ƙanen ne. Ta karɓi hotonta, ba ta goge rubutun biro ba, sai ta sa ɗanta ya rubuta sabon bayani a ƙarƙashinsa, da kwanan wata, da wanda ya faɗa. Da Kirsimeti ta aika wa Baban Reluwe da tuwon shinkafa da kaza, ba saƙon kome.

A gidajen masu bi da yawa, daga Damagaram har Kumasi, akwai irin waɗannan hotuna cikin akwati, gara tana cinsu, waɗanda suka san labarinsu kuma suna ƙarewa. Wanda yake da su ya fito da su tun da sauran lokaci. Ya dubi dogo da ƙafafun inji da rubutu da duwatsu kafin ya dubi fuska. Ya je wurin tsofaffi, har da waɗanda ba sa zuwa majami'a, ya tambaye su, ya kuma yi haƙuri ya ji amsar ko ba ita yake so ba. Abin da aka tabbatar ya rubuta shi, abin da ake zato ya rubuta cewa zato ne. Iyayen da suka riga mu gidan gaskiya ba su bukatar a yi musu ado da abin da bai faru ba, alherin da ya same su a inda suke ya ishe su.

A 2021 aka ƙaddamar da aikin sabuwar hanyar jirgi daga Kano zuwa Maraɗi, mai faɗin santimita 143 da rabi, wadda ta fi dukan waɗanda dattijon ya yi aiki a kansu faɗi. Da aka gaya masa ya yi murmushi, ya ce ranar da jirgi ya shigo, kowa zai ɗauki hoto da wayarsa, bayan shekara 80 kuma jikoki za su yi gardama a kan ko ina ne. Shawararsa ga matasa ita ce su rubuta wuri da rana da sunayen mutane a ranar da suka ɗauka, har da sunan wanda yake tsaye a gefe. Ubangiji ya ba jama'arsa ido mai gani, da bakin da zai tsaya a kan abin da ya gani.